Neman shawara: mashin ɗin mahaifinmu tun 2018 yake ajiye, ta ina zan fara tada shi?

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mashin. Akwai mashin ɗin mahaifinmu Allah ya jiƙansa, Honda CG 125 ne, tun 2018 da ciwon ƙafa ya kwantar da shi aka tura mashin ɗin ɗakin da ke zaure na biyu aka rufe, daga nan ba wanda ya sake tada shi har Allah ya yi wa Baba rasuwa, yana nan an jibga masa tsofaffin tabarmi da buhuna. Ba lalacewa ya yi ba, lafiyarsa ƙalau aka ajiye shi don da shi Baba ya dawo daga gona a ranar ƙarshe da ya hau.

To yanzu na samu aikin koyarwa a wata makaranta a Samaru nan Zariya, kuma daga cikin birni nake tasowa kullum, sai in hau napep zuwa Tudun Wada in sake hawa zuwa Kwangila sannan in kama ta Samaru, wlh tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin abin hawa ne yake cinye mafi yawan abin da nake samu, ga makara. Shi ya sa na ce bari in waiwayi mashin ɗin nan.

Ga yadda na same shi: tayoyin duka biyu sun zauna ƙasa, sarƙa ta yi jawur da tsatsa, ɓera ya cinye soson kujera, da na buɗe murfin tanki wani irin wari ne ya fito mai hawa kai ba warin fetur ba, na haska da fitilar waya na ga tsatsa a ciki da ɗan guntun mai da ya yi kauri a ƙasa. Batir kam ko hon baya yi, an rubuta 12V a jikinsa. Ƙanena ya ce mu zuba mai lita ɗaya kawai mu tura shi a layi zai tashi, na ce ya dakata tukuna in yi tambaya. Ban taɓa kik ɗin ba.

Tambayata ita ce zan iya tada shi da kaina a gida ko dole sai gareji? In zan iya, me zan fara yi me zan bari sai daga baya? Ina da 'yan sifanun Baba da filaya da sukundireba, kuɗi kuma gaskiya ba su da yawa. Kuma bana son in lalata shi, abu ne da Baba yake ji da shi ƙwarai.

Abban Ummi:
Allah ya jiƙan Baba. Ni dai shawarata ka samu mai napep ko kurkura ku ɗora shi ka kai wa bakanike, kar ka je garin neman sauƙi ka jawo wa kanka babban aiki.

Oga Lawal (bakanike, Tudun Wada):
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ka kyauta da ka hana yaron nan turawa. Mashinan da ake kawo mana waɗanda suka daɗe a ajiye, yawancinsu ba zaman ne yake kashe su ba, tashin farko ne. Mutum ya zo da zumuɗi ya haye kik da ƙarfinsa alhali bakin mai duk ya gangare ƙasa tun shekaru, cikin bulok a bushe, ringi ya kama da tsatsa, sai ringin ya karye ko ya kankare bulok, aikin da bakin mai cokali biyu zai yi ya koma sai an sauke kan inji an sayi fistan da ringi da gasket. Za ka iya yi a gida, CG bashi da wuyar sha'ani ko kaɗan, amma sai ka bi shi a hankali kuma kar ka tsallake.

Ka fito da shi tsakar gida ka kafa shi a dabul sitan ka goge shi. Kafin ka kwance fulogi ka hure ƙurar da ta taru a ramin da yake zaune, don in ka cire shi duk abin da ke wurin cikin inji zai faɗa. In ka cire sai ka samu sirinji a kemis ka zuƙo bakin mai kamar cokali ɗaya zuwa biyu ka zuba ta ramin fulogin, ka toshe da tsumma mai tsabta ka bar shi ya kwana. Washegari, fulogi na cire, ka sa HANNU ka danna kik ɗin a hankali, hannu na ce ba ƙafa ba. In ya sauka har ƙasa kana jin iska na fita fus fus ta ramin, to ka gode wa Allah rabin aikin ya ƙare, ka ci gaba da dannawa a hankali man ya zagaya.

In kuma ya cije ya ƙi motsi kar ka tilasta masa. Ka zuba kananzir ko gas ta ramin nan ka bar shi kwana biyu ko uku, sannan ka sa shi a giyar ƙarshe ka riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya kaɗan kaɗan. Da yawa a haka suke saki. In mako ya wuce bai saki ba, nan ne za ka kawo gareji.

Ka yi wannan tukuna ka dawo ka faɗa mana, kar ka sayi komai kafin nan. Ba amfani ka sa kuɗi a taya da batir baka san ko injin na juyawa ba.

Malam Abdullahi Babban Dodo:
Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kafin maganar gyara ɗan'uwa, mashin ɗin nan an raba gado ya faɗo a rabonka ne, ko har yanzu na magada ne baki ɗaya? Ina tambaya ne don in ba a raba ba to kowa na da haƙƙi a ciki har mata da ƙananan yara, kuma in ka zuba kuɗinka ka gyara gobe aka zo rabo sai rigima ta tashi a kan nawa ne kuɗinsa kafin gyara nawa ne bayan gyara. Gara a yi masa kuɗi a yadda yake yanzu a gaban shaidu.

Ɗan Kwarbai:
Allah ya gafarta Malam, an raba tun bayan rasuwar da 'yan watanni, an kira mai sana'ar ya yi masa kuɗi aka sa a cikin rabona kuma an rubuta. Na gode da tunatarwa. Oga Lawal na gode sosai, yau in na dawo daga makaranta zan zuba man in sha Allah.

Sadi Ɗan Acaba:
Kai jama'a kuna wahalar da bawan Allah. Honda fa ake magana. Ka zuba mai ka sa giya biyu yara su tura ka a gangara, wlh zai ɗauka. Tankin kuma ka zuba mishi ruwan batir ka girgiza, tsatsar duk zata fita tas.

Oga Lawal (bakanike, Tudun Wada):
Sadi naka mashin ɗin kullum yana kan titi shi ya sa turi yake maka aiki, wannan shekarunsa nawa ba a juya shi ba. Maganar ruwan batir kuma a'a. Asid ne, baya bambance tsatsa da ƙarfe, tankin da dama ƙasansa ya yi siriri sai ya huda shi, ga shi in ya fallatsa a ido shikenan. Na ga tankunan da aka ɓata da shi ba ɗaya ba.

Ga yadda muke yi. Ka cire tiyon mai ka kwance tankin gaba ɗaya, tsohon man ka juye a wata jarka kar ka zubar a kwata, kuma kar ka yi tunanin sa shi a janareta ya riga ya mutu. Ka kwance famfon mai da ke ƙasan tankin, akwai 'yar rariya a jikinsa za ka same ta a toshe, ka wanke ta daban. Ramin ka toshe shi. Sai ka zuba notuna da ƙananan ƙusoshi cikin tafin hannu ɗaya da kananzir kaɗan, ka rufe ka yi ta girgizawa ta kowane ɓangare har hannunka ya gaji, ka juye, ka sake. Ka ƙirga notunan kafin ka zuba don ka tabbata duk sun fito. In tsatsar ta yi yawa bayan nan ka cika shi da binega irin ta girki ya kwana, ka ɗauraye da ruwa sosai, ka kife shi a rana ya bushe ƙarau, daga ya bushe nan take ka zuba fetur kaɗan da ɗigon bakin mai ka zagaya da shi ciki don tankin da aka wanke baya jimawa yake sake yin tsatsa. In za ka mayar ka sa sabon tiyo da 'yar filtar roba ɗin nan a tsakanin tanki da kafireta, ba tsada gare ta ba kuma ita za ta riƙa tare maka guntayen da suka rage.

In ka ga yana tsatsafo ta ƙasa kar ka yarda wani ya sa masa wutar walda haka nan, tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko babu mai a ciki tururin da ya rage yana iya fashewa.

Maman Khalifa:
Allah ya jiƙan Baba. Ni ban san gyaran mashin ba amma dan Allah ƙanena tunda a cikin gida za ka yi, fetur da kananzir ɗin nan ka nisanta su da murhu da inda mata ke hura gawayi, kuma kar ka zuba su a robar lemo ko ta ruwa ka ajiye a ƙasa, yara na ɗauka su sha. Sannan ranar da za ka tada shi ba a cikin ɗakin nan ko zaure ba, a fili, hayaƙinsa iri ɗaya ne da na janareta kuma mun sha jin yadda yake kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Ɗan Kwarbai:
Gaskiya ne Anti, na gode. A bayan gida zan yi wajen turken awaki, ba wuta a wurin, kuma zan riƙa kulle man a ɗakin da mashin ɗin ya fito.

Baba Alhaji Tudun Jukun:
Yaro Allah ya yi ma albarka da ka tuna da kayan mahaifinka. Kar ka bari kowa ya ce ma ka sayar ka sayi ɗan Caina. CG ɗin nan tun 1975 Honda suka fara yin shi, kuma dama sun yi shi ne saboda ƙasashe irin namu inda mutane ba su cika kula da sabis a kan lokaci ba, shi ya sa injin bashi da tarkace, ba sarƙar taimin a cikinsa, sanduna ne suke tura bawul. Mu da muka yi aikin gona da malanta a ƙauyukan Giwa da Soba da shi muka yi ta yawo damina da rani. Kuma Honda suna da wurin haɗa mashin a nan ƙasar a Ota jihar Ogun. Na farkon masu fayint ne da batir 6V, sai an riƙa goge fayint ɗin da samfefa, naka tunda 12V ne da alama mai CDI ne, wato akwatin da ke ba fulogi wuta ba tare da fayint ba, in haka ne ka huta da wannan.

Wani abu kuma da zai taimake ka, mashinan Caina da yawa masu 125 da 150 injin CG suka kwaikwaya, don haka kaya ba za su yi maka wuya a Sabon Gari ba. Amma ka riƙa tafiya da tsohon a hannunka ka gwada, kuma duk abin da yake na asali in yana gyaruwa ka gyara shi kar ka yar, musamman kafireta. Ta asalin da aka wanke ta fi sabuwa ta jabu.

Ɗan Kwarbai:
Alhamdulillah jama'a. Na zuba man ya kwana, da na danna kik da hannu da farko ya ɗan yi tauri sai kuma ya sauka, yanzu yana juyawa sumul iska na fita ta ramin. Wlh har na ji ƙwalla ta zo min. Tankin ma na fara girgiza shi, abin da ya fito kam ba a magana. Oga me ya rage?

Oga Lawal (bakanike, Tudun Wada):
Madalla. Yanzu bakin mai. A gefen hagu ƙasan inji akwai babban murfi mai kan noti, ka sa roba a ƙasa ka kwance shi, sifirin zai biyo baya da 'yar rariya mai kama da hula, ka lura da yadda suka fito don haka za ka mayar, ka wanke rariyar da kananzir. Ka bi murfin nan a hankali wajen ɗaurewa, ba ƙarfe mai ƙarfi bane yana fashewa. Ka dubi tsohon man da kyau, in baƙi ne kawai ba komai, in ka ga ya yi fari fari ruwa ya shiga, in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe da yawa ka faɗa min. Sabon mai 20W-50, kusan lita 1 yake sha, kar ka juye duka lokaci ɗaya, ka riƙa aunawa da sandar da ke jikin murfin zuba man, mashin ɗin na tsaye daidai, kuma ɗora ta ake yi ba a ɗaurewa in za a auna. Ka sayi mai na galan a rufe, banda na awo da ake zubawa a kwalba bakin titi.

Injiniya Nura Samaru:
Bari in ɗan karɓi Oga a maganar kafireta da wuta, don nan ne mutane suke karaya. Fetur in ya daɗe sassan da ke saurin tashi suna bin iska, abin da ya rage ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka, warin da ka ji a tanki kenan. To irin wannan danƙon yana nan cikin kafiretarka.

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da waya, kowane mataki hoto, za ka gode min wajen mayarwa. Ka shimfiɗa farin tsumma a tire ka yi aikin a kai don akwai ƙananan abubuwa da in suka faɗi a ƙasa ba za ka gan su ba. Ka kwance kwanon ƙasa, ka danne sukundireba sosai kafin ka murɗa don kan sukurorin na saurin cinyewa. A ciki za ka ga fulot da allurarsa, da jet guda biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne na sulo, raminsa ɗan mitsitsi ne kuma shi ne yake fara toshewa. Ka jiƙa su a fetur ko ka sayi abin feshin wanke kafireta, ka ɗaga kowanne saitin rana, sai ka ga haske ya ratsa ta ramin zagaye sosai sannan ya wanku. Kar ka zura allurar ɗinki, jet tagulla ne mai taushi, in ramin ya faɗaɗa mashin ya dinga shan mai kenan har abada. Silin wayar wuta guda ɗaya siriri ya isa, sannan ka kai wa mai faci ya hure maka duk ramukan jikin kafiretar da iska. Sukurun iska da ke gefe in za ka cire shi ka fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, ka rubuta, haka za ka mayar da shi.

Ka buɗe akwatin eya kilina ma, inda ɓera ya ci kujera da wuya bai shiga nan ba, kuma soson ciki bayan shekarun nan yana ruɓewa ya zama gari, in ka tada a haka injin zai zuƙe shi. Ka sa sabo ka ɗan shafa masa bakin mai ka matse.

Wuta kuma, ka bi wayoyi da ido tun daga makulli har ƙarƙashin tanki da kujera ka ga inda aka gwaguya, ka haɗa ka naɗe da tef. Ka sayi sabon fulogi, NGK D8EA ne nasa, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Ka sa shi a hularsa ka jingina jikinsa da ƙarfen inji, ka buɗe makulli wani ya buga kik, ka riƙe ta roba ba ta ƙarfe ba. Wuta shuɗiya mai ƙara tas tas ake so. Batir ɗin ya mutu kar ka ɓata kuɗin caji, yawancin CG suna tashi da kik ko ba batir, amma kar ka yi ta yawo a haka yana ƙona ƙwan fitila.

Sadi Ɗan Acaba:
Toh na ji na yarda. Amma ku faɗa mishi ya leƙa salansa, nawa da na tafi gida noma na bar shi wata uku kawai zanzaro ya gina a ciki.

Ɗan Kwarbai:
Malam Sadi Allah ya saka da alheri, maganarka ta fito. Na gama duk abin da aka ce, wuta na kawowa, mai na sauka, amma in na buga sai ya yi kamar zai ɗauka ya mutu. Da na tuna maganarka na leƙa bakin salansa sai na ga a toshe yake da jar ƙasa, na kwance shi na zura waya, gidan zanzaro ne ɗaki ɗaki har da busassun tsutsotsi a ciki, na bubbuga ƙasa ta yi ta zubowa. Da na mayar na ja cok na buga sai ga shi ya tashi. Jama'a ya tashi! Hajiyarmu tana ɗaki ta fito da sauri don ta gane ƙarar, ta tsaya ta yi ta yi wa Baba addu'a.

Amma akwai matsala biyu. In na mayar da cok sai ya mutu sai dai in riƙe totur, kuma yana hayaƙi fari mai ɗan shuɗi sosai. Sannan da na matse kuloci na sa giya ɗaya sai ya yi tsalle ya mutu.

Injiniya Nura Samaru:
Barka! Mutuwar da yake yi in ka mayar da cok, jet ɗin sulo ne bai gama buɗewa ba ko hanyarsa ta cikin kafireta, ka sake kwancewa ka wanke, ba abin mamaki bane a yi sau biyu. Ka duba robar da ta haɗa kafireta da inji ma, in ta tsage tana shan iska haka zai riƙa yi.

Oga Lawal (bakanike, Tudun Wada):
Alhamdulillah, barka ƙanena. Hayaƙin kar ya dame ka yanzu, man da ka zuba ta ramin fulogi ne da wanda ya taru a salansa yake ƙonewa. Ka bar shi ya yi sulo na 'yan mintuna kar ka yi ta zuga totur, kuma kar ka bar shi ya daɗe a tsaye yana aiki don iska ce take sanyaya injin nan. In bayan ka hau shi na kwanaki hayaƙin bai ragu ba kuma bakin mai na raguwa, to ringi ne ko sil ɗin bawul, wannan ka kawo mana.

Tsallen kuma faifan kuloci ne suka manne da juna saboda zama. Ka bar injin ya yi zafi ka kashe, ka sa giya biyu ka matse kuloci ka riƙe, kana zaune a kai ka yi ta tura shi gaba da baya da ƙafa har ka ji ya saki. Ka ɗiga mai a wayar kulocin da ta totur da ta birki. In ya ƙi sai an buɗe murfin dama an raba su da hannu, ba babban aiki bane amma yana son sabon gasket.

Yanzu ga maganar da ta fi duk wadda muka yi. Tashin inji daban, hawa titi daban, kuma hanyar da za ka bi ta Kwangila ce inda tireloli da tankoki suke. Tayoyin nan ko sun ɗauki iska ka canja su da tub ɗinsu, tayar da ta shekara bakwai a zaune gefenta ya tsattsage ko baka gani da ido ba. In za ka saya ka duba lamba huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don ana sayar da sabuwa da ta tsufa a shago. In kuɗin ba zai kai biyu ba ka fara da ta gaba, ta bayan ta biyo da albashi na gaba, kafin nan ka tsaya iya cikin unguwa. Birki ka buɗe gaba da baya ka duba, fatar birkin da aka manna tana ɓarewa daga ƙarfenta in ta daɗe, in ta ɓare kana gudu taya ce za ta kulle. Ka canja su kawai ba su da tsada. Sarƙa ka cire ka jiƙa a kananzir ka goge da tsohon burushi, in akwai gaɓoɓin da suka ƙi lanƙwasuwa bayan ka sa mai ka canja ta tare da sufuroket duka biyu, in ka ɗaure ka bar mata wasa wajen santimita 2 a tsakiya. Ka girgiza tayoyin gefe da gefe ka ji ko boris ya tafi.

Abban Ummi:
Gaskiya na janye maganata, Allah ya sa albarka. Sai dai takardu, ka nemo rasit da tsofaffin takardun Baba ka haɗa da takardar rabon gadon ka je ofishin lasin a sabunta a mayar da sunanka, ga 'yan KASTLEA masu kula da hanya na jihar Kaduna da Road Safety a hanya, kuma yadda ake satar mashin yanzu ba a son mutum ya hau wanda ba zai iya nuna shaidar nasa bane. Ka nemi hular kwano da makulli mai kyau na taya.

Ɗan Kwarbai:
Takardun suna nan a akwatin Baba har da rasit, Hajiya ta ciro min. Na sake wanke jet ɗin yanzu yana sulo da kansa, kulocin ma ya saki. Na sa tayar gaba da birki duka biyu, ta baya sai ƙarshen wata. Hayaƙin ya ragu sosai. Abu ɗaya Oga, in ya yi zafi ina jin wata 'yar ƙara cak cak cak daga saman inji, kuma Hajiya ta ce ita zan fara kaiwa Tudun Wada gidan ƙanwarta.

Oga Lawal (bakanike, Tudun Wada):
Ƙarar tafet ce, saitin bawul yake so, tazarar 0.08 na milimita ake ba shi kuma injin na sanyi ake yi, yana buƙatar fila geji, abin auna tazarar, don haka kar ka yi da ka. Ka turo shi nan da safe kafin ka tada shi, ko ka zo ka bar shi ya huce, in yi maka a gabanka ka gani. Bakin man da ka zuba kar ka jira lokacin sabis, in ka yi mako ɗaya ko biyu kana hawa ka juye shi da zafinsa ka sake wanke rariyar nan, shi ne zai kwaso dattin shekarun da ya yi a ajiye. Hajiya kuma ka ba ta haƙuri sai ka sa tayar baya, nauyin mutum biyu a kanta yake sauka.